Baba Ƙamus, Tafintan da Hausa ta Kuɓuce wa

Ranar Talata, tara ga watan Afrilu, ina tsaye a kotu tsakanin alƙali da wata mata da ta zo ba da shaida, sai masinja ya raɓo ta bayan teburin magatakarda ya raɗa mini cewa an yi waya daga gidanka. Bai ƙara komai ba, ni ma ban tambaya ba. Na ƙarasa fassara maganar da matar ta fara, sannan na nemi izinin alƙali na fita. A baranda na kira babban ɗanka, ya shaida mini cewa da hantsi rai ya yi halinsa. Na Allah ne mu dukanmu, kuma wurinSa kowa ya dosa. Bayan la'asar muka raka ka makwancinka.

Ga wanda bai san ka ba, kai ne babban tafintan kotunmu tun kafin yawancin alƙalan yanzu su gama makaranta. Aikinka shi ne ka tsaya tsakanin Turancin shari'a da kunnen talaka, ka mayar wa kowa abin da aka faɗa da harshen da yake ji. Lauyoyi ne suka laƙaba maka suna Baba Ƙamus da zolaya, sunan ya bi ka har gida, har jikokinka ma da shi suke kiran ka. Ni kuwa a hannunka na koyi aikin, kuma a kujerarka nake zaune yau.

Na so in rubuta wannan ta'aziyya da kwanciyar hankali, amma hankalina ba a kwance yake ba. Kai kuma ba ka taɓa son a yi wa magana ado don a rufe abin da ke cikinta ba. Saboda haka zan faɗi alherinka, zan kuma faɗi abin da ya dame mu a watanninka na ƙarshe, wanda har yanzu bai sake mu ba.

Ranar da aka turo ni wurinka, na shigo da takardar shaidar karatu a hannu da girman kai daidai gwargwado. Ofishinka ɗan ƙaramin ɗaki ne a ƙarshen baranda, maƙwabcin ma'ajiyar fayil, da fanka mai kuka, da tebur biyu, da kanta wadda ta lanƙwashe saboda nauyin ƙamusoshi. Ko kallon takardar tawa ba ka yi ba. Ka ce, “Me ake nufi da ‘fine’?”

Na yi murmushi, na ce, “Lafiya lau, ko abu mai kyau.”

Ka gyaɗa kai ka ce, “Madalla. Gobe alƙali zai ci mutum tara, ya ce ‘fine’, kai kuma ka juya ka ce masa lafiya lau. Ya tafi gida yana sa wa alƙali albarka, jibi a zo a kama shi. Zauna, akwai sauran aiki a kanka.”

A ranar ka gaya mini yadda ka kasa kalmomin Turanci. Akwai waɗanda kowa ya sani, akwai tsofaffi da suka kwanta a cikin littattafai, akwai kuma na masu sana'a, irin na likitoci da lauyoyi da makanikai. Ka ce waɗanda kowa ya sani sun fi haɗari, domin su ne mutum ba ya tsayawa ya duba. Ka kuma kafa mini doka ɗaya: idan kalma tana da fuska biyu, tafinta ba ya zaɓa wa mai magana. Ya faɗi duka biyun, ya tambayi mai maganar wacce yake nufi.

Ba zan manta da wani direban babbar mota ba, wanda aka tuhuma da ɓatan kayan da ya ɗauko. Masu ƙara suka kasa kawo shaidunsu, alƙali ya gaji da jira ya ce “discharged”. 'Yan'uwan direban suka ɓarke da murna tun a cikin kotu. Kai kuwa ka fassara daidai: an sallame shi. Da aka tashi, ka bi shi har ƙarƙashin bishiyar da ake ajiye babura, ka ja shi gefe. Ka bayyana masa cewa kalmar da ke nufin an wanke mutum daban take, ita ce “acquitted”, kuma alƙali bai furta ta ba. An sake shi, amma ƙofar ƙarar a buɗe take. Ka ce kada ya bari yaran motarsa da mai gadin da ya ga abin da ya faru su ɓace masa. Wan direban ya taso maka da faɗa, yana cewa kai wane irin tsoho ne mai baƙin ciki da farin cikin mutane. Ka tsaya ka saurare shi har ya gama, sannan ka maimaita maganarka ba ka canja ko harafi ba. Bayan wasu watanni aka sake kama direban a kan wannan ƙara. Ya zo da shaidunsa cif, kuma a karo na biyu aka furta kalmar da ka ce ya jira. Ban taɓa jin ka ba wani wannan labarin ba. Ni ne nake yawan ba da shi.

Tsofaffin kalmomi kuwa su ne abin ƙaunarka. Kana da wani ƙamus mai baƙin bango da ka ɗaure ƙashin bayansa da salatif, ba ka yarda kowa ya buɗe shi da hannu mai maiƙo. Daga cikinsa ka nuna mini cewa “nice”, da ake yabon mutumin kirki da ita yau, a can da wawa take nufi. Tun daga nan duk lauyan da ya yabe ka da wannan kalma sai ka tambaye shi, “Da Turancin wane zamani?” Mukan yi dariya, amma son nan naka ba wasa ba ne, domin takardun wasiyya da na filaye cike suke da irin waɗannan kalmomi. Wasu dangi sun taɓa shigowa ofis suna ta gardama a kan wata wasiyya da aka rubuta cewa idan wane ya rasu “without issue”, gida ya koma ga ƙanwarsa. Wani ya fassara musu cewa idan ya rasu ba tare da wata matsala ba ke nan, har sun fara musu a kan ko doguwar jinya matsala ce. Ka zaunar da su, ka sa aka kawo musu ruwa, ka ce a tsohon harshen wasiyya wannan kalma zuriya take nufi, wato idan ya rasu bai bar ɗa ko jika ba. Suka fita shiru, kowa yana kallon ƙasa, amma sun fita tare.

A unguwa ma ba ka huta ba. Akwai telan da ke da shago a bakin layinku, wanda aka ciro wa tsoka daga wani ƙulli a wuyansa don a auna. Da ya koma asibiti, likita yana sauri ya ce masa abin “benign” ne, ya kuma ce masa ya komo bayan wani lokaci. Tela bai gane ba, kunya kuma ta hana shi tambaya. Ya dawo ya rufe shago, ya daina cin abinci, ya fara mayar wa mutane yadinsu ba a ɗinka ba. Da labari ya iso maka, ka je ka same shi kwance a kan teburin yanka. Ka san ma'anar kalmar sarai, amma ka ce masa a ƙamus albishir ce, sai dai kai ba likita ba ne, kuma ba za ka ba mutum albishir a kan ransa daga littafi ba. Washegari ka sa babbar riga ka raka shi asibiti, kuka bi layi tare, ka tsaya har likitan ya faɗa da bakinsa cewa ƙullin ba mugu ba ne, ba irin mai yaɗuwa ba ne. Telan nan shi ne ya fi kowa kuka a maƙabarta.

Haka ɗabi'arka take da kalmomin sana'a. Idan shari'a ta shafi inji, sai a gan ka a gareji kana tsugune kusa da bakanike yana nuna maka abin da hannu. Idan ta shafi magani, ka je wurin mai kantin magani. “Ban sani ba” ba ta taɓa yi maka nauyi a baki ba.

Ba zan ce ba ka da taurin kai ba, domin kowa zai ƙaryata ni. Ka sha tsayar da kotu cak saboda kalma ɗaya, alƙali yana duba agogo, lauyoyi suna tsaki, kai kana cewa a yi haƙuri, ba ka gamsu da Hausar da ta zo maka ba. Wasu alƙalai sun ƙaunace ka saboda haka, wasu kuwa sun yi ta neman a ba su ni a madadinka, don ni na fi sauri. Na san hakan ya ci maka rai, ko da yake ba ka nuna ba. 'Ya'yanka ma sun sha gyara. Babban ɗanka, wanda muke kira Injiniya, ya taɓa ce mini a gidanku mutum ba ya iya neman gishiri a kan tebur sai an tambaye shi asalin kalmar. Autarka, malamar makaranta, ita ce ta gado ka, ita ce kuma take iya ja da kai har ka yi dariya ka sallama.

Bayan ka yi ritaya ka koma zama a kan benci a ƙofar gida, ƙamus a cinya, tabarau a kan hanci, masu tambaya suna zuwa suna tafiya. Muka ɗauka haka tsufanka zai tafi.

Wajen ƙarshen bara ciwon ya same ka. Kana alwala ka faɗi, ɓarin jikinka na dama ya shanye. Da ka farfaɗo a asibiti muka yi ta hamdala, sai da ka buɗe baki muka gane akwai abin da ya tafi. Hausa ta ɗauke maka ɗungum. Harshen da ka sha a nono, wanda ka yi rayuwarka kana zuba wa Turanci a ciki, ko kalma ɗaya ba ta fita. Abin da ya rage maka Turanci ne, shi ma gutsi-gutsi, kuma yawancinsa na kotu ne da na tsofaffin littattafanka. Likita ya ce hakan yakan faru ga mai harshe biyu, ko da yake ba kasafai ba, kuma ba shi da tabbacin ko za ta dawo.

Hajiya, matarka, ba ta jin Turanci. Kun yi zaman aure na tsawon rai da Hausa, kun yi faɗa da ita, kun shirya da ita, rana ɗaya aka wayi gari tana yi maka magana kana kallon ta, da alama kana ganewa, amma amsar da za ta fito ba tata ba ce. Na ga hawaye suna bin gefen fuskarka saboda wannan fiye da sau ɗaya. 'Ya'yanka suna jin Turanci, amma ba irin naka ba. Kakan ce “pray”, su ɗauka salla kake nufi, su yi sauri su gyara maka kwanciya su fuskantar da kai alƙibla, kai kuwa kana ta girgiza hannun hagu cikin fushi. Sai da na zo na gaya musu cewa a bakin kotu, da kuma a tsohon Turanci, kalmar tana nufin “ina roƙo”, kuma ruwa kake nema. Daga nan na riƙa biyowa kullum bayan an tashi daga aiki, in zauna gefen gadonka in yi maka tafinta a cikin gidanka. Ba na jin akwai aikin da ya taɓa yi mini nauyi kamar wannan. Wani lokaci dai kakan ba mu dariya. Idan masu dubiya suka cika ɗaki suka daɗe, sai ka rufe ido ka ce “adjourn”, ni kuma in miƙe in sanar da su cewa Baba ya ɗage zama.

Abin da ya fi wahalar da mu shi ne “e” da “a'a” sun cakuɗe maka. Kakan gyaɗa kai alhali ƙi kake nufi, ka girgiza alhali kana so. Ko matsa hannu ba a iya dogara da shi.

A cikin wannan hali ciwon ya sake tasowa, aka mayar da kai asibiti. Bayan an ɗauki hoton kai, likita ya tara mu a gefen gadonka, ni da Hajiya da Injiniya da Auta. Ya ce jini ya sake taruwa, akwai tiyatar da za a iya yi. Idan ba a yi ba, abin da ya rage kaɗan ne. Idan an yi, kana iya samun sauƙi, kana kuma iya rasa ɗan abin da ya saura maka, ko ma ba ka tashi ba. Mutumin kirki ne, bai tsallake ka ba. Ya sunkuya ya yi maka bayani da Turanci a hankali, ni na maimaita da Hausa, sannan ya tambaye ka ko ka yarda.

Ka daɗe kana motsa leɓe. Sannan ka ce, “Leave.”

Aka sake tambayar ka. Ka sake faɗin kalmar, ita kaɗai, da ƙarfi.

Auta ta ce, “Ya ce a ƙyale shi. Kun ji ai. Baba ya gaji.”

Injiniya ya ce, “A'a. Mutumin da ya yi rayuwarsa a kotu, a bakinsa wannan kalma izini ce. Sau nawa ya gaya mana haka? Izini ya bayar.”

Suka juyo gare ni su biyun. Hajiya ma ta dube ni, ta ce, “Ɗana, me ya ce?”

Baba, na tsaya a gaban masu kisan kai na fassara musu hukuncinsu ban yi rawar murya ba, amma a ranar wannan kalma ɗaya ta fi ƙarfina. Na ce wa Hajiya kalmar tana iya nufin a bar shi, tana iya nufin ya ba da izini, tana kuma iya nufin yana son ya bar asibitin ya tafi gida. Na sunkuya na jera maka ukun ɗaya bayan ɗaya, da Turanci da Hausa. Ka gyaɗa kai a kan ta farko, ka gyaɗa a kan ta biyu, a kan ta uku ka rufe ido, hawaye suka zubo. Na bi dokarka har ƙarshenta, na faɗi duka, na tambayi mai magana, amma mai maganar ba shi da hanyar amsawa. Ba ka taɓa koya mini abin da ake yi a irin wannan wuri ba, kuma ba na jin kai ma ka taɓa tsammanin akwai shi.

Hajiya ta ce ita ba za ta iya yanke wannan ba, babba ya yanke. Injiniya ya sa hannu a takardar tiyata. Auta ta fita daga ɗakin.

An yi tiyatar, ka kuma tashi. Sai dai ka tashi shiru. Turancin ma ya tafi. Aka dawo da kai gida, ka yi 'yan makonni kana kwance a ɗakin Hajiya kana bin mu da ido, sannan Allah Ya karɓi abinSa. Tun ranar asibitin nan Auta da wanta ba su haɗa ido ba. Ita tana ganin an yi maka abin da ka ce ba ka so, an kuma ƙwace maka sauran muryarka. Shi kuma ya rame, ba ya barci, ya ce mini duk inda ya juya kalmar yake ji. Ko a wurin karɓar gaisuwa, idan ɗaya ya shigo ɗaya yakan sami dalilin fita. Ni da na tsaya a tsakiya ban san abin da zan ce musu ba, domin har yau ban san abin da ka nufa ba.

Bayan an fara raguwa da masu gaisuwa, wata rana da yamma Hajiya ta aika a kira ni. Na same ta zaune a bakin gadon da ka yi jinya a kai, an naɗe katifar, sandarka tana jingine a kusurwa. Bayan mun gaisa ta ce, “Ku kun ɗauka bayan aikin nan bai sake magana ba. Ni yana yi mini. Kalma ɗaya ce, kuma sai mu biyu ne a ɗaki. Da Hausa ma.”

 Na ce, “Me yake cewa, Hajiya?”

Ta ce, “Tari. Duk sanda na miƙe sai ya ce tari. Ni kuma in yi maza in je in dafa ruwa in sa zuma, ko in ɗauko maganin. Har gefen zanena yake kamawa da hannun nan mai lafiya, in ce masa yanzun nan, yi haƙuri, in zame in fita da sauri. To abin da ke damuna, ɗana, ni ban taɓa jin ya yi tarin ba. Ko sau ɗaya. Shi ne na ce bari in tambaye ka, ko wani ciwo ne a ƙirjinsa da ba mu gane ba?”

Na san kalmar. A da, idan na miƙe zan tafi gida hira ba ta ƙare ba, kakan ɗaga hannu ka faɗa mini ita da wasa. “Tarry.” Tsohuwar kalma ce da ba a cika jin ta yanzu ba, kuma a kunne ba ta da bambanci da tarinmu na Hausa. Ma'anarta: dakata, ɗan ƙara zama, kada ka yi saurin tafiya.

 Na yi tunanin in ce mata e, wataƙila maƙogwaro ne yake yi maka ƙaiƙayi, ta samu ta kwantar da ranta. Amma tambayata ta yi, kuma maganarka ce, ba tawa ba. Na ce, “Hajiya, ba ciwo ba ne. Turanci ne irin na da. Cewa yake ki zauna, kada ki tafi.”

Ta dube ni, ta dubi gadon. Ta kai hannu ta shafa gefen zanenta. Na yi nadamar buɗe bakina, na fara ba ta haƙuri. Sai ta ɗaga mini hannu.

“Ashe zama yake so,” in ji ta. “Ni kuwa ina ta gudu.” Ta share ido da bakin mayafi. Can ta ce, “Amma ai ina dawowa. Kullum ina dawowa, kuma in na dawo ba na sake tashi sai ya yi barci. Ya san ina dawowa, ko?”

Na ce ya sani. Wannan kam ban buƙaci ƙamus ba.

Ya Allah, ga bawanKa ya zo gare Ka, Kai da ba Ka buƙatar tafinta tsakaninKa da kowa. Ka san abin da ya nufa a duk inda muka kasa ganewa. Ka gafarta masa kurakuransa, Ka yalwata masa kabarinsa, Ka haskaka shi. Ka sa jinyar da ya sha da shirun da ya ɗanɗana su zama kankarar zunubi. Ka saka masa da alheri a kan duk mutumin da ya fita daga kotu ko asibiti ya san gaskiyar halin da yake ciki saboda shi. Ka sake masa harshensa a lokacin tambaya, Ka tabbatar da shi a kan amsa, Ka sa Aljanna ce makomarsa. Mu kuma da muka yi iyakar ganewarmu, idan mun kuskure, Ka yafe mana.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Hajiya, Allah Ya ba ta haƙuri da lada a kan hidimar da ta yi, wadda mu shaidu ne a kanta. Ina miƙa ta ga jikoki da 'yan'uwa da maƙwabta, da abokan aikinmu na kotu, tsofaffi da sababbi, da duk wanda ya taɓa zama a kan bencin nan da tambaya a bakinsa.

Injiniya da Auta, ku na bari a ƙarshe, kuma ina roƙon ku yafe mini da na kawo zancenku nan. Kai ka so mahaifinka ya rayu, ke kin so ya huta, kuma babu ɗayanku da ya so kansa a ranar. Kwanansa ne ya ƙare, ba sa hannun wani ko fitar wata ba. Amsar da kuke nema ta tafi tare da shi, ba za ta dawo ba ko da kun shekara kuna gaba. Mahaifiyarku tana zaune ita kaɗai a ɗakin nan. Ku shiga wurinta tare, ku zauna, kada ku yi saurin tashi.

Allah Ya jiƙan ka, Baba, Ya kyautata namu zuwan.